Na ce mata askarawa ne suka kama mijinta

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu. Daga Makka nake rubutowa, wani alhaji mai komawa gida na ba takardar ya jefa mini a gidan waya. Ina roƙo a ɓoye sunana, kuma don Allah kada ku yanke mini hukunci sai kun ji ƙarshen zancen, don abin da za ku faɗa mini na riga na faɗa wa kaina.

Shekara tara ke nan da na zo aikin hajji na zauna, ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama. Ina tuƙa wa wani Balarabe akori-kura, ina ɗaukar kaya daga unguwar Kudai. Ni ɗan manoma ne, a garinmu hadari na haɗuwa ake fita kallo, a nan kuwa sai shekara ta juyo ba ka ga ɗigon ruwa ba. Shi ya sa duk ranar da na hango gabas ta yi baƙi sai in kasa zama, in ajiye aiki in bi hadarin da mota har bayan Arfa. Ina son in ga guguwa ta miƙe tsaye tana haɗa ƙasa da sama, in ji tsawa a ƙirjina, ƙanƙara na dukan rufin mota. Mutane suna ce mini mahaukacin hadari, ina dariya.

Ina da amini, bari in kira shi Idi, tela ne, tare muka keto Sudan da shi da matarsa Hajiya Rabi. Wata rana bayan azahar ya ce in rage masa hanya zuwa unguwar Ka'akiyya. Muna tafe na ga hadari ya taso, irin wanda ban taɓa gani ba a ƙasar nan, sai na karya kan mota. Ya ce, "Malam, ina kuma za mu?" Na ce, "Yanzu za mu dawo, zo ka ga ikon Allah." Da muka yi nisa iska ta fara jijjiga motar, ya kama hannuna ya ce, "Don girman Allah mu koma, Rabi na jirana." Na ce masa tsoro ne ya yi masa yawa. Wannan maganar ita ce ke cina har yau.

Muka shiga wani busasshen kwari, taya ta nutse a yashi. Inda muke ko yayyafi ba a yi, a kan duwatsu ruwan yake zuba. Ni na ce masa ya sauka ya tura. Yana turawa na ji wani ruri, kafin in waiga ruwa ya iso, ja wur, da itatuwa da duwatsu a cikinsa. Motar ta jingina da wani dutse, na haye samanta. Na ga hannunsa sau biyu, ban ƙara ganinsa ba. Kwana biyu ina nemansa, sai wasu makiyaya Larabawa suka nuna mini gawar can ƙasa. Su suka taya ni muka yi masa sutura muka binne shi. Mu huɗu muka sallace shi.

To me zan ce wa Hajiya? In ce mijinki ya roƙe ni in juya na ƙi? In magana ta kai ga hukuma, ni da ba takarda, da motar mutane, ina zan ƙare? Da na shiga gidan ta ce, "Malam, ina ɗan'uwanka?" Sai na ji bakina yana cewa askarawa masu kamen marasa iƙama sun kama shi a hanya, za su mayar da shi gida a jirgin ruwa. Ta ce, "Tunda yana da rai, alhamdu lillahi." Har godiya ta yi mini da na kawo labari.

Yau shekara uku. Ba ta yi takaba ba, ba ta yi masa sadaka ba, keken ɗinkinsa na nan ta rufe da zane tana goge shi. Kowace shekara tana sayar da abinci a Arfa, duk alhajin da ta ji yana Hausa sai ta tambaye shi ko ya ga wani tela dogo mai tabo a goshi. Wani mutumin kirki ya nemi aurenta, ta ce ita matar aure ce. Ni ne ma nake rubuta mata wasiƙun da take aika masa can gida, da wannan hannun. Wane irin mutum ne ni? Kuma abin da ya fi ba ni kunya, har yanzu in na ji tsawa sai zuciyata ta yi tsallen murna kafin in tuna.

Makon jiya ta kira ni ta ce, "Malam, bayan hajjin bana zan tafi gida in neme shi. In ya yi wani aure ne, in gani da idona. Kai ne ɗan'uwansa, kai za ka raka ni Jidda." Na ce to. Ita ma ba ta da iƙama, in ta fita ba za ta iya dawowa ba, kuma za ta bar kabarinsa a nan ta tafi neman sa a can.

Ina ɗawafi ina kuka, amma na san tuban da ba a faɗa wa mai haƙƙi ba bai isa ko'ina ba. In na faɗa, na kashe mata miji sau biyu, kuma ban ga ranar da za ta yafe ba. In na yi shiru, za ta tsufa tana bin garuruwa tana tambaya. Wata biyu ya rage. Jama'a, me zan yi?