Uban da Editar Take So

Yaya Fadma,

Gaisuwa mai yawa daga birnin Rotterdam. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, kada ku damu.

Na kai wa kamfanin ɗab'i littafin da na rubuta kan maƙwabcina, tsoho mai gyaran keke. Editarsu ta yaba, sannan ta ce, "Mimun, ina ƙasarku Maroko a ciki? Kawo mana labarin uba mai dukan 'ya'yansa, shi ake jira daga irinku."

Yaya, kin san marigayi Baba ko tsawa bai iya ba. Amma ce mata na yi zan yi tunani, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Kada Inna ta ji. Ki sa ni a addu'a, ki turo mini hoton Baba.

Ƙaninki,
Mimun