Rabin ƙwayar da ta rage wa Baba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, na ɗauki alƙalami ne a kan Baba da maganinsa. Na yi ɓarna, kuma ke kaɗai za ki gane irinta.

Shekara shida kina ba shi ƙwayar ciwon karkarwar nan da likitoci ke kira Fakinsan. Yana dawowa daga sallar asuba sai ki miƙa masa ita da ruwa zalla, ki hana shi karyawa sai rana ta hau katanga. Sau nawa na yi miki tsiya, ina cewa wace irin mata ce ke ɗura wa tsoho magani cikinsa wayam? Ba ki taɓa tsayawa yi mini bayani ba. Iyaka ki ce, "Ke dai Sahura, bar ni da mijina."

Da kika rasu bayan girbin masara, na taso daga Malumfashi na karɓi ɗawainiyarsa. Ni mai tausayi, ni 'yar boko. Kullum sai na dama masa fura da nono mai kauri, na sayo ƙosai, ya ci ya ƙoshi, sannan na ɗora masa ƙwayar. Ba a yi wata biyu ba hannunsa ya koma rawa. Ludayi kafin ya kai baki ya zube, ƙafarsa kuma ta riƙa kafewa a bakin zaure kamar an ɗaure ta.

Na kai shi wurin likita a Funtuwa. Ya tambaye ni ko wani abu ya canza a gida, na ce babu sai rashinki. Ban ga abin faɗa a kan fura ba. Ya sauya masa magani.

Karkarwar ta lafa, har na fara ganin na burge. A mako na uku, bayan la'asar, na jiyo shi yana hira a gindin rumbu, yana irin dariyar da rabona da ita tun kafin ki kwanta ciwo. Na leƙa, shi kaɗai ne. Ya ce ga ki nan kina tsince wake a faifai, wai ba ni da kunya na bar ki a ƙasa. Na ɗauko tabarma. Wallahi na ɗauko, Inna, na shimfiɗa miki, na shige ɗaki na yi kukana.

Ban gaya wa kowa ba. Ya koma cin abinci, yana sa a wanke masa hula don kada ki gan shi a hargitse. Na ce a raina wa ya cutar?

Ranar kasuwar Kafur ya ga kin yafa gyale kin fita. Ya bi ki har tsakiyar titi. Motar masara ta yi ta cin birki, Allah Ya taƙaita, maƙwabta suka dawo mini da shi gwiwa duk jini yana cewa a tare ki.

Likita ya ce sabon maganin ne, yakan sa wasu tsofaffi ganin abin da babu. Dole a koma tsohon, amma sabon ba a yanke shi lokaci guda, sai a riƙa ragewa a hankali. Sannan ya tambayi yadda nake ba da na farkon. Da na faɗa, ya ce nono da wake da nama suna danne shi idan aka haɗa su. Ashe maganin bai gaji ba. Ni ce na toshe masa hanya da furata, ke kuwa da ba ki taɓa shiga aji ba kin daɗe da sani.

Yau mako huɗu ina raba sabuwar ƙwayar da reza, kuma Baba ba yaro ba ne, ya gane. Ya ce, "Duk ran da kika rage, sai innarki ta rage zama." Ya roƙe ni in bar masa. Mutumin da tun tasowata bai taɓa roƙona ko ruwan sha ba, ya kama hannuna da nasa biyu yana roƙo. Makon jiya a bakin ƙofa kika tsaya masa, ba ki shigo ba. Jiya bai gan ki ba, ya ce motsinki kawai ya ji.

Rabi ɗaya ya rage, na gobe. Jibi babu. Ba zan ƙara karɓo masa ba, don ba zan iya tsinto shi a ƙarƙashin mota ba. Amma Inna, zuciyata ta yi nauyi. Rashinki na farko Allah ne Ya hukunta, Baba ya yi haƙuri. Wannan na biyun da hannuna zan yi masa shi, yana kallona.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi. Allah Ya ba Baba haƙurin da zai ishe shi, Ya haɗa ku a inda ba a rabuwa. Ki yafe mini tsiyar da na yi miki. Shi kam ban san ko zai yafe mini ba.

'Yarki mai kewarki,
Sahura