Gargaɗin da Ka Goge, Yaya

Matameye, ƙarshen damina

Zuwa ga Yaya Abdulra'uf a Tamanrasset,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ƙara maka sauƙin nema a ƙasar mutane. Inna tana lafiya, sai ƙafar da ta saba damunta. Lauratu da yaranka suna nan ƙalau. Damina kuwa ka san labarinta: ruwa ya ɗauke dawa ba ta kai gwiwa ba, ta yanƙwane, daga baya aka yi ɗan yayyafi ta sake tsiro. Da yawa sun haƙura da gonakin, suna sakin dabbobi su ci abin da ya rage.

Yaya, na zaɓi takarda ne saboda ka kulle gurup ɗin 'yan Matameye na waya, kai kaɗai ke iya magana a ciki, kirana kuma ba ka ɗauka. Ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake. Ka tuna saƙon muryar da Malam Idi mai duba dabbobi ya sa, yana roƙon kada kowa ya bari shanu su taɓa sabon tohon dawar da ta sha fari, domin guba ce, ciki ke kumbura dabba ta faɗi nan take. Mutanen Tsauni suka amsa cewa sun gani da idonsu, wasu suka faɗi abin da ake ɗura wa dabba kafin a kira malami. Magana ce mai amfani. Sai wani ya tambayi ina dusar da aka ce za a kawo, wani ya ɗora zagin hukuma. Kai kuma daga can ka bi saƙonnin ka share su kaf, har da na Malam Idi.

Na san abin da ka ji tsoro. Tun da sojoji suka karɓi mulki kowa ke tauna magana kafin ya furta, kuma iyalinka a nan suke. Ban ce ka bar zagin ba. Amma masu zagin ba su fi yatsun hannu ba, me ya hana ka cire nasu ka bar sauran? Ka manta yadda Kawu Illa ke sauraron gurup? Ƙauyensu bayan Dungu ba rezo, waya ba ta kamawa. Sai ranar kasuwa yake shigowa, ya ba da waya a sa mata wuta, ya zauna gindin itacen bedi ya saurari saƙonnin mako ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon ya buɗe, ba abin da ya tarar sai layi-layi na an goge, an goge. Daga baya ya ce mini ya ɗauka faɗan samari ne aka kashe, har ya sa maka albarka. Ni ma ban san bai ji ba, da na faɗa masa da bakina.

Washegarin kasuwa ya kora shanun da yake kiwo, har da na Inna, cikin gonarsa. Kafin azahar saniyar Inna, jar nan da ta raina tun tana maraƙa, ta kwanta ba ta tashi ba. Ko yanka ba a samu yi ba. Kawu ya zo da igiyarta a hannu, ya tsuguna a ƙofar ɗakin Inna.

Abin da nake so ka yi bai da wuya. Ka buɗe gurup, ka maimaita gargaɗin da muryarka, domin har yanzu akwai masu sakin shanu a gona, kuma karsanar Inna tana hannun Kawu. Ni na fara zagaya ƙauyuka da keke, amma ƙafata ba ta kai inda wayarka ke kaiwa. Sannan ka kira Kawu, yana ta ɗora wa kansa laifi ya daina cin abinci.

Inna ta tambaye ni me ya sa ba wanda ya gargaɗe su, alhali ɗanta ne ke riƙe da gurup. Amsar nan taka ce, ba zan ba da ita a madadinka ba.

Ka gaida Mailafiya da Ma'u da duk 'yan gida da ke tare da ku. Inna, Lauratu da Habi suna gaishe ka.

Ƙaninka da ke jiran jin muryarka,
Aƙilu