Na Cire Sandar Sitiyarin Motar Ƙanena, Dangi Sun Yi Mini Ca

Malama, don Allah ki agaza mini da shawara, kuma ki yi haƙuri da rubutuna, hannun ya fi sabawa da sifana a kan biro. Yau kwana shida ke nan ina cin abinci a gidana kamar baƙon da aka gaji da shi. Ba mai ce mini sannu, ba mai ce mini ci kanka.

Ni bakanike ne na manyan motoci, shekara talatin da ɗaya ina kwance a ƙarƙashinsu. Garejina ba wani abin a zo a gani ba ne, rumfar kwano ce da rami ɗaya da akwatin ƙarfe na kayan aiki, amma da shi na aurar da ƙanne uku. Cikinsu har da autanmu, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda a kansa nake wannan rubutu. Allah ya buɗa masa, yanzu yana da manyan motoci biyu na dakon kaya. Ya yi tumbi, ya yi wuya. In ya zo garejin ba ya fitowa daga ƙaramar motarsa, sai dai ya sauke gilashi ya danna mini hon, ni da na share masa majina. Duk da haka ni nake yi masa gyaran motocin duka biyu tun ranar da ya saye su.

Ina da ɗa, shi ne na fari, shekararsa ashirin da bakwai, yana da mata da 'ya ɗaya mai rarrafe. Na so ya gaje ni, ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa da baƙin mai a farce ba, tuƙi yake so. Ya yi ta fama har ya sami lasin babbar mota. Wata biyu da suka wuce baffan nasa ya miƙa masa makullin ɗaya daga cikin motocin, aka yi ta murna a gida, ni ma na yi.

Ranar Asabar ɗan nawa ya shigo da ita gareji a canza mata mai. Cikin hira ya ce motar tana yawo a kan titi, in ta ga dama ta nufi hagu sai ya kamo ta, ta nufi dama ya sake kamo ta. Yana dariya yake faɗa, kamar labarin wani. Na hau na kama sitiyarin. Malama, sai da na juya shi ya fi faɗin tafin hannuna kafin tayar gaba ta san ana magana da ita. Na sa jak na ɗaga gaban, na shiga ƙasa, na ce ya riƙa jujjuya sitiyarin a hankali, ni kuma na dafa hannu a kan gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya.

Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Daga akwatin sitiyari akwai sanda da take tura tayar gaba ɗaya, sannan wata doguwa da ta haɗa tayoyin gaba biyu don su juya tare. A bakin kowace sanda akwai gaɓa, muna ce mata tayarod, ƙwallon ƙarfe ne zaune cikin ɗan kofi, da giris, an rufe da roba. In robar ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, ƙwallon ya ci kofin har ya riƙa rawa a ciki. Ranar da ya fice daga kofin, sitiyari na hannun direba amma mota ba ta hannunsa. Na motar ɗana gaɓa uku ne suke ƙwas-ƙwas a tafin hannuna. A ɗaya ma ba fin ɗin da ke hana natin kwancewa, ƙusa ce aka lanƙwasa.

Na kira ƙanena na ce sai an sa sababbi, duka, har da sandar. Ya ce sababbin sai an yi oda, kwana huɗu, shi kuwa yana da kayan mutane da za a ɗora ranar Litinin. Ya ce in matse su kawai kamar yadda na saba.

To, ga inda bakina yake nauyi. Akwai abin da muke yi a sana'ar nan, kowa ya sani, ba mai faɗa. A cire gaɓar, a ɗora ta a kan maƙera, a bi bakin kofin da guduma har ya tsuke ya kama ƙwallon, a cusa giris, a naɗe da guntun tsohon tub na taya. Direba ya hau ya ji sitiyari ya yi tsam, ya yi maka addu'a ya tafi. Sati uku, huɗu, ta koma gidan jiya, kuma kowane bugu ƙara cinye bakin kofin yake. Wannan motar sau uku ina yi mata haka. Ƙusar nan ma ni na lanƙwasa ta da hannuna, na manta sai da na gan ta. A lokacin wani dattijo ne yake jan ta, muna ce masa Ba-Komai, don ko taka shi ka yi abin da zai ce ke nan. Shekara huɗu yana kanta. Sau ɗaya ya taɓa ce mini sitiyarin na ba shi tsoro a gangara, na ce masa hannunsa ne ya tsufa, muka yi dariya.

Na ce wa ƙanena wannan karon ba zan buga ba, bakin kofin ya zama kamar takarda. Ya ce ba damuwa, Litinin da safe zai sa a kai ta wurin bakaniken tsallaken titi, shi ba ya da dogon turanci. Na san mutumin, zai buga, ko kallon kofin ba zai yi ba. Shi ne ranar Lahadi da hantsi na je garejin ni kaɗai, na kwance sandar da gaɓoɓin gaba ɗaya, na jefa a akwatina na datse da kwaɗo. Motar tana nan a kan jak, tayoyinta kowace na kallon inda ta ga dama.

Abin da ya biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gani. Aka tara mu a ɗakin tsohuwarmu, tana zaune a bakin gado da carbinta, ƙannena mata sun jeru a kan tabarma, ni aka bar mini kujerar roba a bakin ƙofa kamar mai laifi a kotu. Ƙanena ya ce baƙin ciki nake yi masa tun ranar da ya sayi mota ta biyu. Ya ce masu kayan sun ba wani, na zubar masa da mutunci a idon mutanen da ya yi shekaru yana lallaɓawa. Ya tambaye ni a gaban kowa sau nawa na matse gaɓoɓin nan da hannuna, me ya sa sai yau suka zama abin tsoro. Ya ce ɗayar motar ma, wadda aka mayar da Ba-Komai kanta, ai ni na matse ta watan jiya, ga ta can tana ta zirga-zirgarta lafiya lau. Na sunkuyar da kai. Tsohuwa ta ce ita ba ta san ƙarfe ba, amma ta san babba ba ya tozarta ƙaninsa, in mayar masa da kayansa.

Wanda ya fi ƙona mini rai ɗana ne. Ya daina gaishe ni. Ya aiko uwarsa ta gaya mini ya gane nufina, so nake ya rasa motar ya dawo rami ya riƙa miƙo mini sifana. Yaron da saboda shi na jawo wa kaina duk wannan! Uwar tasa kuwa sai ta dire mini kwano ta juya. Da an yi odar kayan tun Asabar da tuni sun iso, mota na kan hanya. Amma ƙanena ya rantse ba zai saya ba sai na mayar da tsofaffin na ba shi haƙuri a gaban tsohuwa. Ya ba ni zuwa Juma'a mai zuwa. In ban yi ba zai sa a fasa akwatin, ya kwashe motocinsa daga hannuna, ya karɓe makulli daga hannun ɗana.

Malama, zuciyata ta yi baƙi da mutanen nan, har na fara jin da ma ban haɗa jini da su ba. In na mayar, na san abin da na sa a ƙarƙashin ɗana. In na ƙi, na raba shi da abincinsa kuma ba zai yafe mini ba. Me zan yi?

Bakaniken da aka yi wa taron dangi

*

Malam bakanike, sannu da wannan hali. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na kuma kai ta wurin wani tsohon bakanike da na yarda da shi. Bai bari na gama ba ya ce kada a kuskura a mayar da gaɓoɓin nan. Don haka a kan ƙarfe kana da gaskiya, kuma kada ka ja da baya ko an fasa akwati goma. Gara ɗanka ya yi fushi da kai yana tafiya da ƙafafunsa.

Amma ɗan'uwanka ba mahaukaci ba ne. Shekara da shekaru babban yayansa, wanda ya fi kowa sanin mota a gidan, yana ce masa bugu ya isa. Ya yarda da kai. Rana ɗaya ka juya, ba tare da ka ce da can kuskure ka yi ba, ka kuma kwance masa mota a ɓoye har ya yi asarar masu kaya. Dole ya nemi wani dalili, kuma baƙin ciki ne ya fi kusa da hannu. Hon ɗin da yake danna maka rashin ladabi ne, na yarda, amma maganar wata rana ce, kada ka cusa ta cikin wannan.

Tambayar da ya yi maka a ɗakin tsohuwa tana da amsa, kai ma ka san ta, shi ya sa bakinka ya mutu. Gaɓoɓin ba yau suka zama abin tsoro ba. Yau ne ɗanka ya hau kansu. Ka rubuto mini shafi guda kana kukan an zalunce ka, ka ambaci ɗayar motar a layi ɗaya ka wuce. Wannan motar tana kan titi yanzu da nake rubutu, da bugun gudumarka a ƙarƙashinta, da dattijon da ya taɓa gaya maka yana jin tsoro ka mayar da abin wasa. Shi ma yana da masu jiran dawowarsa, haka mutanen da yake wucewa a bakin hanya.

Ga abin da nake gani. Kafin komai, ka kira dattijon nan yau, ba gobe ba. Ka gaya masa gaskiyar abin da ke ƙarƙashinsa, ya sami wuri ya ajiye motar. Zai ce maka ba komai. Kada ka karɓa.

Sannan ka je wurin ƙanenka kai kaɗai, ba a gaban taro ba. Ka ba shi haƙuri a kan abu biyu da ka yi da gaske: kwance masa mota ba da saninsa ba, da shekarun da ka yi kana ce masa lafiya alhali ba lafiya ba. Haƙurin da yake nema ke nan, ko da bai sani ba, kuma ba zai rage ka da komai ba. In yana so ka maimaita a gaban tsohuwa, ka maimaita. Amma ka faɗa masa a fili tsofaffin ba za su koma ba.

Ka buɗe akwatin da kanka kafin Juma'a. Ka kira shi da ɗanka, ka sa wa kowannensu gaɓar a hannu ya girgiza, ka nuna musu bakin kofin da ƙusar. Wanda bai yarda da bakinka ba zai yarda da tafin hannunsa. In suna so, a kira wani bakanike da ba ruwansa da gidanku ya duba. A yi odar sababbi na motocin biyu, a sa fin na gaskiya a kowane nati, a duba akwatin sitiyarin, a kai su a daidaita tayoyin gaba kafin a ɗora ko buhu ɗaya. Ka fi ni sanin sauran.

Ɗanka kuwa, ka daina aike tsakaninku. Ka zaunar da shi ka ce masa ba ramin gareji kake nema masa ba, so kake ya daɗe yana tuƙi. Mai yiwuwa ƙanenka ya kwashe motocinsa duk da haka, mai yiwuwa yaron ya rasa wannan makullin. Zai yi zafi, amma mai lasin babbar mota yana samun wata.

Abu na ƙarshe ya fi wuya. Ka zauna ka tuna sauran motocin da ka yi wa wannan bugun, ka nemi direbobinsu ɗaya bayan ɗaya. Ba ɗanka a cikin kowace, amma kowace akwai ɗan wani a ciki.

Allah ya huci zuciyarka, ya daidaita tsakaninka da 'yan'uwanka, ya kai kowane direba gida lafiya.