Goran Baba Sulaimanu

Lahadi, 7 ga Agusta, 1859

Yau ma na ci su. Ni Ɗanbaba, wanda iska ke roƙo ya tsaya ta iso.

Muna gidan Inna Uwani mai ƙosai a Barokinya, unguwarmu ta bayi da 'yantattu a wannan ƙasa ta hayin teku, bayan la'asar. Baba Sulaimanu ya ja hayaƙin diyambarsa, wato wiwi, a goran ruwa, barci ya fara ɗibarsa, sai ga ƙwanƙwasa irin ta kowace Lahadi. Tumbi ne, kofur ɗin 'yan sandan unguwa, da yaransa. Mu kuwa kowa ya san aikinsa. Inna ta tsaya bayan ƙofa tana neman makullin da ke hannunta, Idirisu abokin aikina ya watsa turare a wuta, ni na suri goran na fice ta baya. Na zagayo na ɗaga musu shi su gani, in ba su gani ba ina daɗin? Suka bar gida suka biyo ni. Kafin gangaren Farasa Tumbi ya dafa bango yana neman numfashi. Na tsaya nace masa sannu da aiki.

Haka muke yi tun da. Mai gudu ya ja su waje, gida ya huta. In aka samu goran a ɗakin Baba kurkuku ne, kuma tsohon da ciwon ciki ya cinye ba zai kwana biyu a can ba. Hayaƙin nan kaɗai ke sa shi runtsawa. Ni ba na sha, kaina dama a sama yake.

Da na dawo Tumbi na zaune yana cin ƙosai. Ko kallona bai yi ba.

Talata, 9 ga Agusta

Mun ɗauko wata Baturiya a kujerar haya mai labule da muke ɗauka a kafaɗa, daga bakin teku har unguwar tudu. Ni a gaba, Idirisu a baya kamar kullum. Nauyinta ya kai ganga biyu. Na rera mata waƙa da Hausa cewa ta rage ci, ta ɗaga labule tace muryata da daɗi. Idirisu yace, wata rana bakin nan zai sa mu kwana a ɗaure. Nace bakina ya ɗaure mu, ƙafata ta kwance mu. Yace, taka dai, tawa fa?

Mutumin nan ko ruwan sama ba ya sa shi sauri. Amma shekara da shekaru ban taɓa waiwayawa ba, takunsa na cikin kafaɗata.

Juma'a, 12 ga Agusta

An cire Tumbi. Wai an kai shi gadin kwastan.

Lahadi, 14 ga Agusta

Ba su zo ba. Na zauna, na tashi, na leƙa lungu, na dawo. Inna tace in ba zan zauna ba in je in ɗebo mata ruwa.

Wata Bayaraba da ke sayar mata da manja ta kawo labari. Sabon da aka kawo, wani dogo, ba ya ƙwanƙwasa. Yana fara ajiye mutum biyu da bindiga a ƙofar baya shiru, sannan a fasa ta gaba. Wai a wata unguwa sun yi haka don ganye ɗan cikin tafin hannu, wani ya rasa ido.

Inna tace, Ɗanbaba, wasan nan ya ƙare. Nace Inna, harsashi ma sai ya san inda nake kafin ya taho, ni kuwa kaina ban san inda zan bi ba sai ƙafa ta gaya mini. Kowa yayi dariya banda ita. Tace, ni na wanke gawa shekarar da aka yi faɗan azumi, da bayi suka yi tawaye, kai kana ina? Nace ina gudu mana.

Baba yace a fasa goran kowa ya huta. Ai kuwa duk muka yi masa ca. Wanda bai ji kukansa da ciwon nan ba shi zai yarda.

Laraba, 17 ga Agusta

Na ga Dogon a dandalin Tiyataro, gaban gidan wasan kwaikwayo. Ba shi da tumbi ko kaɗan. Na auna ƙafafunsa da ido, nawa sun fi kyau. Na gaya wa Idirisu, yace ba da ƙafa zai bi ka ba.

Abinci bai shiga sosai ba. Waken ne, ina ji.

Asabar, 20 ga Agusta

Abin haushi. Matan wanki na bakin rijiya suka ce wai na tsufa, ba zan iya tsallake katangar ba. Ni? Na tsallake har da juyi. Sai dai wani ɗan banza ya ajiye fasasshiyar kwalba daidai inda na sauka. Tafin ƙafar dama ya tsage. Idirisu ya goyo ni har gida, yana tafe yana cewa yau dai na ga amfanin tafiya a hankali. Inna ta ɗaure da tsumma da toka.

Gobe Lahadi. Nace a ɗaga shan Baba zuwa jibi. To ciwo ya san Lahadi ne?

Lahadi, 21 ga Agusta

Sun zo.

Litinin, 22 ga Agusta

Bari in rubuta yadda aka yi, don mutane sun fara ƙara gishiri, kuma ƙarin gishiri aikina ne ba nasu ba.

Rana tsaka. Baba na murƙususu, aka haɗa masa. Ya ja biyu ko uku. Babu ƙwanƙwasa, sai ƙarar itace, ƙofar gaba ta faɗo ciki. Na miƙe don goran, ƙafa ta ce ba da ni ba, na zube kan tabarma. Idirisu ya tsallake ni ya ɗauka. Ya dube ni yace, zauna, barewa. Har da ɗan murmushi. Wai shi Idirisu ne da ba'a.

Nace Idi, baya. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma ban san yadda ya ɗauke ta ba, ko kar ya bi baya, ko ya bi. Ni kaina ban sani ba.

Ya fita. Ba su ce tsaya ba. Inna na rantsuwa ba su ce ba, nima ban ji ba. Ƙara ɗaya, sai ta biyu.

Na ja jiki zuwa ƙofar. Yana kwance a lungu ko kwanar bai kai ba, goran ya fashe a ƙarƙashinsa, ruwan ya haɗu da jinin. Ɗaya daga masu bindigar, yaro ne ƙarami da gemu bai gama fito masa ba, yana ta maimaita wa Dogon cewa ya ga abu a hannunsa. Dogon ya sa takalmi ya juya ɓarin goran, ya tsinci ganyen da ya rage ya naɗe a hankici. Bai kai abin da akuya za ta tsaya ta sansana ba.

Ba su ma shiga ɗakin Baba ba. Sun samu abin da suka zo nema. Wato dabarar ta yi aiki. Ta yi aiki.

Talata, 23 ga Agusta

Idirisu ya kai har hantsi. Ya nemi ruwa, na ba shi. Yace in mayar wa mai kujera da matashin da muka ara. Na ba shi labarin Baturiyar nan mai ganga biyu ko zai yi dariya, ban kai ƙarshe ba.

Mun wanke shi, ni da Yahaya tela. Da muka ɗauki makara, nauyi gare shi. Ni ne a gaba.

Juma'a, 26 ga Agusta

An ce sun rubuta wai ya zaro wuƙa. Idirisu da ko lemo da haƙori yake ɓarewa.

Tumbi ya biyo ta gaban kaskon Inna ba kayan aiki. Ya tsaya, ya cire hula. Ta zuba masa ƙosai ba ta ɗago ba. Ya ajiye kuɗi, abin da bai taɓa yi ba. Ta bar su a wurin har ya tafi.

Baba ya daina magana sai da bango. Yace shi ya kashe yaron mutane. Nace Baba, layin masu wannan maganar da tsawo, ka bi bayana.

Alhamis, 1 ga Satumba

Ƙafa ta warke sarai. Na samu sabon abokin kujera, Haruna, ƙaƙƙarfa ne, ba laifi. Nace shi ya yi gaba. Yace ai kowa ya san gaba taka ce. Nace na gaji da kallon hanya, yanzu keyar mutane nake so in gani.

Ashe na baya ba ya ganin komai. Sai labule da inda aka ja shi. Duk shekarun nan bai taɓa gaya mini ba.

Haruna yace ina jan ƙafa. Ya ce in yi waƙa, nace maƙogwaro.

Lahadi, 11 ga Satumba

Na samo wani goran wurin Bayarabar nan. Kwana da kwanaki Baba bai runtsa ba, nace ya sha ko in ɗura masa. Ya sha. Ya yi barci har da minshari.

Yahaya ya tambaya, to yanzu wa zai gudu? Haruna yace shi yana da sauri. Nace kai da saurinka ku je ku taya Inna niƙa wake. Na sa ƙusa na kafe ƙofar baya, na jingina turmi. Ta gaba kuwa na buɗe ta warwar, na zauna a dokin ƙofa da goran a cinyata, hannuwa bisa gwiwa inda makaho ma zai gan su. In sun zo nawa ne, ni nake sha. Sai su kai ni, in ba 'yan kurkuku labari har su roƙi a sake ni.

Can aka busa usur ta wajen gangare. Ƙafafuna suka tashi da kansu, na danne su da hannu. Ba mu ake nema ba, wani ɓarawon kifi ne.

Inna ta kawo mini ƙosai ta tsaya a kaina. Tace, barewa ta zauna? Nace ƙafar ce Inna, har yanzu tana ɗan yi mini.

Ta dubi ta hagu da nake matsawa, ba ta daman da kwalba ta yanka ba. Ta ajiye mini ƙosan ta koma kan kaskonta.