Ƙwayoyin Inna a cikin tulu

Gummi, daren Laraba

Yau na gano inda Inna take ɓoye maganin hawan jininta: cikin tsohon tulu, sati biyu cur. Wai tun da ta fara sha zuciyarta ta rage dukan da ta saba ji, tana tsoron ta tsaya gaba ɗaya. Likita ya ce zuciyar har ta fara kauri don wahala, maganin hutu yake ba ta. Na zauna na yi mata darasi, har da zane a ƙasa.

Ta haɗiye ɗaya, ta kalle ni. "To Malam, naka hwa? Matarka ta ce tun Salla ba ka taɓa shi ba."

Na ɗauko nawa, na kora da ragowar ruwanta.