Kawu Zai Kai Mama a Murɗe Mata Wuya

Samaru, Zariya.

Zuwa ga Yaya Henry,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Anti Janet da yara. Allah ya tsare ka a bakin aikinka can Fatakwal. Mu nan da sauƙi, makaranta ta koma, ina ta fama da ɗalibai. Na ba Nedu direba wannan wasiƙa ne don duk lokacin da ka kira, Mama na zaune kusa da ni, ba na iya faɗa maka gaskiya.

Yaya, ciwon da na ce maka na haƙori ne, ba haƙori ba ne. Tun bayan Ista bakin Mama ya ƙi buɗuwa sosai, ko cokali da ƙyar yake shiga, kunu kawai take sha har zani ya daina zama a ƙugunta. Likitan haƙori a Sabon Gari ya duba ya ce haƙoranta ƙalau suke, ya tura mu asibitin Shika. Can aka yi mata hoton wuya, aka haɗa mu da wata likitar gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi mai suna Ify. Ta manna wa Mama wasu wayoyi a kumatu da gefen wuya. Ka san Mama da tsoron lantarki, sai ta riƙe hannuna tana addu'a. Ashe na'urar sauraro kawai take yi. Likitar ta nuna mana cewa ko Mama na zaune shiru, naman muƙamuƙinta da na wuyanta ba sa hutawa, a ɗaure suke tamau.

Da ta tambayi sana'arta, na ce tallar kunun zaki take kaiwa kasuwar Samaru tun muna ƙanana. Ta ce a gwada mata yadda take ɗaukar bokiti. Mama ta ɗaga hannu biyu sama, ta cije bakin gyalenta da haƙori don kar ya zame, kamar yadda muka saba ganinta kullum. Likitar ta ce ga shi nan, kaya a ka, cizo a baki, wuya da muƙamuƙi tare suka gaji, kuma idan aka gyara wuyan bakin zai saki. Ta koya mata kwanciya rigingine tana jawo haɓa ciki a hankali, kamar mai cewa to. Mama ta ce an mai da ita ƙadangare da tsufanta. Amma tana yi, kuma yana aiki. Yanzu yatsa biyu na shiga bakinta, ran Lahadi har ta ci tuwo da miyar kuɓewa.

To, ga abin da ya hana ni sukuni. Kawu Abarshi ya zo daga ƙauye ya tarar da ita a kwance tana wannan motsin, ga wuyan yana mata tsami don naman ya fara aiki. Ya ce wannan wasan yara ne, an bar ƙanwarsa tana lalacewa. Wai akwai mai ɗori a garinsu da ke kama kai ya murɗe shi sau ɗaya, ka ji ƙas, shi ke nan an warke. Na koma Shika da Mama na tambaya. Likitar ta ce ƙasusuwan wuyan Mama sun zaizaye har suna matsar laka, idan aka fizge su da ƙarfi tana iya rasa hannu da ƙafa, ko ma abin da ya fi haka. Tun ranar gabana ke faɗuwa, kar garin gyaran gira mu rasa ido.

Na faɗa wa Kawu, na durƙusa har ƙasa. Ya ce yaushe aka haife ni, kuma ba ya shawara da mace a kan jininsa. Mama ta san haɗarin, a gabanta aka faɗa, amma ta ce ba ta taɓa musa wa yayanta ba tun rasuwar mahaifinsu, ba za ta fara yanzu ba. Ran Asabar zai zo da mota. Kai ne babba, kai kaɗai yake jin maganarka. Don Allah ka kira shi da kanka, ko ka biyo Nedu ka taho.

Ka gaida Anti Janet, da Kevin da Peace. Inna Liya da matan zumunta suna gaishe ka. Ban so in rubuta wannan ba, amma dole ka sani. Ɗazu na shiga ɗaki na tarar Mama ta gama ɗaure kayan tafiya. A saman ƙunshin ta ɗora farin zanen nan da ta daɗe tana cewa da shi za a rufe ta idan ta rasu. Na tambaye ta dalili, ta ce ai guzuri ba ya yawa. Yaya, kar ka bari Asabar ta same mu mu kaɗai.

Ƙanwarka cikin tsoro da bege,
Jemimah